Inji Ne, Ba Bahago Ba

Mijina bai taɓa jin waƙa ya bar ta ta wuce lafiya ba. Sai ya tare ta, ya yi mata shari'a, ya yanke hukunci, ko an kawo ƙara ko ba a kawo ba. Shi ya sa abokan aikinsa na gidan ruwa, inda ya yi ta karanta mita har ya yi ritaya, suka laƙaba masa Alƙali, sunan kuma ya biyo shi har gida. Ni dai Malam nake ce masa, sai ranar da ya ishe ni.

Falonmu ba wani babba ba ne, amma mun raba shi biyu. Gefen taga nawa ne, da keken ɗinki da tarin yadi, don labule nake ɗinka wa mutane. Ɗaya gefen nasa ne: kanta mai hawa-hawa cike da faifai, garmaho, da sifika biyu da yake share wa ƙura tun kafin ya wanke fuskarsa. Hawan sama na faifan da ya wanke daga laifi ne. Hawan ƙasa, can bayan takalma, shi yake kira gidan yari. Ba ya yar da faifai komai tsanar da ya yi masa, ɗaure shi yake yi.

Hukuncinsa kuwa ko daga barci aka tashe ni zan karanto shi. Kiɗa ya ƙure kyau a shekarun saba'in, lokacin da 'yan rok ke dukan jita har yatsunsu su fashe. A shekarun tamanin 'yan pop suka shigo da fiyanon lantarki suka mai da waƙa tallan sabulu. 'Yan casa'in yara ne masu yagaggen wando, suna ihu kan abin da ba wanda ya yi musu, amma ya sassauta wa biyu-uku don ko ba komai da hannu suke kiɗa. Daga dubu biyu zuwa yau kuwa ba ya ma zaman kotu, da ganin hoton mawaƙi yake cewa a tafi da shi. Gaba da kowa akwai wasu 'yan rok su biyar da yake ce wa "yarana", alhali kowannensu ya girme shi. Makaɗin gangarsu bahago ne, kuma a wurin Malam tun da aka halicci hannu ba a yi irin na Bahago ba. Sunayen faifansu ba su taɓa zama a bakina ba, da hoton jikin kwali nake gane su: Mai Tsani, Mai Jar Ƙofa, Mai Hoton Kare.

Shekara arba'in ina taka keke cikin wannan surutu, ina roƙonsa ya ba kunnena hutu ko na wuni ɗaya ne. Ban san zan zo ina neman surutun ido rufe ba.

Wata safiya yana cikin gardama da rediyo, kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki ce. Muka yi makonni a asibiti. Ƙafa ta ɗan dawo, hannun dama ya ƙi, magana kuwa ta ɗauke ɗif. Malamar da ke koya wa irinsu magana ta zaunar da ni a ofishinta ta yi mini bayani dalla-dalla.

"Mama, kalmomin suna nan a kansa, hanyar fitowarsu ce ta lalace," in ji ta. "Sai ya yi ta gwadawa kafin ta gyaru. Watannin farkon nan su ne masu daraja. In ya bari suka wuce bakinsa a rufe, zai yi wuya ya buɗe daga baya."

Ya gwada sau ɗaya bayan mun dawo gida. Wani tsohon abokin aikinsa ya zo dubiya, Malam ya buɗe baki zai amsa gaisuwa, abin da ya fito wani gurnani ne mara kai. Abokin ya sunkuyar da kai yana "Wayyo Alƙali, wayyo," har da share hawaye da hula. Tun daga ranar Malam ya ɗinke bakinsa. Malama ta nuna masa hoton kofi, ta nuna masa na makulli, ta ce ya faɗa, shi kuwa ya kalli rufi. Na san mijina. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara wa mutane zance ya gwammace ya mutu bebe da a ji shi yana in'ina ana tausaya masa. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don watannin da Malama ta faɗa suna ta tafiya ina kallo.

'Ya'yanmu biyu ne, duk mata, Babba da Auta, kowacce tana gidanta. Babba ce ta zo da shawara. Ta ji an ce kiɗa yana buɗe baki, don haka a riƙa sa masa faifan da ya fi so. Kowace yamma suka zo sai su jawo kujeru kusa da shi, su ɗora Mai Tsani, su shiga maimaita masa hukuncinsa.

"Baba, gaskiyarka ce fa, ba a sake kiɗa irin wannan ba," in ji Babba, wadda tun tana sakandare take toshe kunne in an sa shi.

"Wallahi kuwa. Ji hannun Bahago," in ji Auta, tana leƙen wayarta ta ƙasan ido.

Malam sai ya lumshe ido ya jingina kai, yatsan hannun hagu yana ɗan bin ganga a kan gwiwa. Su kuwa su yi ta zuba masa ido suna jiran kalma. Faifai ya ƙare, a juya, ya sake ƙarewa, a tashi ba a samu ko tari ba. Haka aka zagaye hawan sama kaf, aka koma farko. Ni ina gefe ina kalmasa labule, raina yana ɓaci ban san da wa ba.

Mijin Auta ne ya warware mini, shi ma bai sani ba. Direban motar makaranta ne, mutum mai yawan fara'a wanda ba ya iya zama shiru gaban surukai. Ya durƙusa yana gaida Malam sai wayarsa ta ɗauki ƙara, wata waƙar pop ta yanzu, irin wadda aka goge muryar da na'ura har ta yi santsi. Ya yi ta laluben aljihu, kunya ta kama shi, sai ya ce bari ya rufe da zance.

"Ai Baba yarinyar nan ta iya waƙa. Faifanta na bana ba a magana."

Hannun hagun Malam ya sauka a kan hannun kujera, tim. Idonsa ya buɗe, ya yi wa yaron nan wani kallo da rabona da ganinsa tun kafin asibiti, maƙogwaronsa yana motsi.

"Kashe wayar nan," in ji Babba. "So kake ka tayar masa da hawan jini?"

Auta ta mintsini mijinta, aka yi maza aka ɗora Mai Jar Ƙofa don a lallashe shi. Malam ya sake lumshe ido, ya koma inda ya fito.

Ƙafata ta tsaya a kan keke. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A duk zamanmu, yaushe Malam ya taɓa magana faifan da yake so yana juyawa? Ko atishawa ka yi sai ya harare ka. Lokacin ne kaɗai gidan nan yake samun shiru. Mu kuma da wayonmu muka ɗauko abin da ke rufe masa baki muka ce shi ne mabuɗi. Ga kowa ya koma ɗan amshi, to me zai ce wa wanda ya riga ya yarda da shi?

Washegari da hantsi, ba yara a gidan, na ba shi magani, na goge masa baki, na juyo da kujerarsa tana kallon kekena. Sannan na fara.

Na ce masa Mai Hoton Kare waƙa biyu ce kawai a ciki, sauran ciko ne, irin ƙyallen da nake ƙara wa labule in yadi bai kai ba. Ya zaro ido. Na ce a fuska ta biyu ta Mai Jar Ƙofa, mai jita ya kama abu ɗaya yana ja har na gama kalmasa labule guda bai gama ba, kuma wannan ba gwaninta ba ce, rashin mai ce masa ya isa ne. Na ce 'yan casa'in da yake raina wa ihu sun fi yaransa gaskiya, don su in abu ya dame su faɗa suke yi, ba sa ɓuya bayan dodanni da taurari. Na ce mawaƙa mata da ya cika gidan yari da su ba su da laifin komai sai na sa mutane rawa.

Abin da ya ba ni mamaki, ba ƙirƙira nake yi ba. Ashe duk shekarun nan kunnena yana nasa aikin, yana ajiye ra'ayinsa, wurin faɗa ne babu. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ina magana ina taka keke, ba mai katse ni, ba mai ce mini "Tsaya ki ji."

Ranar farko ya juya fuska ya kalli bango. Rana ta biyu ya jefe ni da matashin kujera, na ɗauka na mayar masa na ci gaba daga inda na tsaya. Wata rana har leɓensa ya buɗe, na ga harshe yana neman hanya, sai ya tuna ya datse. Na ce a raina, in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Sa gudun yana can ƙarshen gidan yari, na kuma san inda yake. A shekarun tamanin Bahago ya yi faɗa da sauran ya fita. Su huɗun ba su nemi wani makaɗi ba, sai suka sayi injin ganga, irin na'urar da ake danna wa maɓalli ta yi ta kiɗa da kanta, suka fitar da faifai mai hoton laima rawaya, duk fiyanon lantarki da amshi mai zaƙi. Malam ya sayo shi ranar da ya iso kanti, ya rungumo shi har gida. Ya ji abin da ke ciki, ya mayar da shi kwali, ya yanke masa ɗaurin rai da rai. Ranar ko abinci bai ci ba. Ni kuwa a shekarar ina da cikin Babba, maƙwabciyarmu ta lokacin tana da kaset ɗinsa, tana sa shi safe da yamma yana ratso bango. Da shi nake shara, da shi nake wanki. Har yau in na tuna waƙa ta uku sai kafaɗata ta motsa.

Ranar Asabar da safe Babba ta zo da kayan wanki da ta karɓo mana. Ta tarar da ni a durƙushe ina ture takalma, na jawo Mai Laima ina busa masa ƙura.

"Mama, me kike yi haka?" ta ce da ƙaramar murya. "Wannan fa shi ne wanda..."

"Na san ko wanne ne. Ke kika haife ni?"

"Jininsa zai hau, Mama."

"Na tambayi Malama. Ta ce in dai yana shan maganinsa, in ja shi da gardama amma kada in wuce gona da iri. Shirun nan ne ke cinye mana shi. Samu wuri ki zauna, kuma duk abin da kika ji kada ki yi masa fuskar tausayi."

Malam ya ga rawayar laimar tun daga nesa. Ya ɗaga hannun hagu yana kaɗa mini yatsa. Na yi kamar ban gani ba, na ɗora faifan, na sauke allura a hankali yadda yake so, don ba da garmahon nake faɗa ba. Gangar ta fara, tas, tas, tas, ba gaba ba baya, fiyano ya biyo ta, murya ta hau. Falon ya cika da abin da rabon Malam da jinsa tun kafin a haifi wadda ke zaune tana murza yatsu.

Na tsaya a gabansa na riƙe ƙugu.

"Malam, yau zan gaya maka. A duk abin da yaranka suka yi, wannan ne faifai. Nan ne suka daina yi wa junansu burga suka tuna akwai masu sauraro. Ji muryar nan, karon farko da mutum zai gane abin da yake cewa. Sauran na masu zama ne su kaɗa kai kamar ƙadangaru. Wannan kuwa mace mai ciki ta ji shi ta manta da ciwon baya."

Numfashinsa ya fara fita da ƙarfi, amma leɓen nan a datse. Duk abin da na faɗa gaskiyata ce, kuma ba ta isa ba. Sai na ƙara da ƙarya, ƙatuwa, wadda na san ba za ta wuce ta gabansa ba ko a makara yake.

"Kuma ka ji gangar nan? Nan ne Bahago ya nuna shi Bahago ne. Duk dukan da ya yi a baya wasan yara ne."

Bakinsa ya buɗe. Gefen da ya karkace yana rawa.

"In... ji."

Kalma ce, cikakkiya, da muryarsa, ta farko tun ranar kofin shayi. Babba ta zabura za ta yi kansa, na damƙe mata hannu har sai da ta ji zafi. In ya ga hawaye ko ya ji an ce sannu, shi ke nan ya sake rufewa. Na ɗaure fuska, na yi kamar tambayata yake wa ya faɗa.

"In ji wa? In ji ni mana. Ni ba ni da kunne ne?"

"In-ji," ya sake cewa, yana dukan hannun kujera.

"Na ce maka in ji ni. In kana da ja, faɗi."

Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya runtse ido, ya tattaro duk ƙarfinsa kamar mai ɗaga buhu.

"Inji... ne. Ba... Ba... Bahago ba."

"Au, inji ne?" na ce. "To wallahi injin nan ya fi Bahago hannu."

"Ƙar... ya."

Nan ya ji kansa. Na ga lokacin da abin ya same shi. Ya kalli Babba, ya kalle ni, ya gane irin sautin da ke fita daga bakinsa, a jaye, a karye, yawu yana bin gefen haɓa. Idonsa ya fara neman rufi. Waƙa ta biyu tana ƙarewa. In ya yi shiru yanzu, ba ni da sauran abin da zan jawo daga bayan takalma.

"Kin gani ko?" na ce wa Babba. "Cewa ƙarya ai ba wuya. Hujja ce babu. Ki shaida, yau na kayar da babanki."

Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Ta share fuska da bayan hannu, ta gyara zama, ta ce, "Ni ma dai Baba, gaskiya, wannan ya fi min Mai Tsani daɗi."

Ya juyo gaba ɗaya ya dube ta, irin duban wanda aka ci amanarsa a cikin gidansa. Ya ɗauki ƙyallen da ke cinyarsa ya goge haɓa da kansa. Sannan ya ɗaga yatsa ɗaya, yadda ya saba in zai fara.

"Inji... ba ya... gajiya."

"To ai shi ne daɗinsa," na ce.

"Tsa... tsaya. Ki ji."

Na tsaya. Wata kalmar ta fito a juye, ya mayar da ita ya sake kawo ta. Wata ta ƙi zuwa sam, ya yi tsaki ya zagaye ta ya nemo 'yar'uwarta. Ba mu taimaka masa ko da harafi ɗaya ba. Ana cikin haka wata mai labule ta ƙwanƙwasa ƙofa, Babba ta leƙa ta ce mata ta dawo gobe, ana magana.

"Bahago... in ya ji... daɗi... sauri yake. Sauran... su bi shi. Wannan... ba ya jin... komai."

Hujjar ba laifi, amma ban gaya masa ba. Na ce ni dai ba ruwana da abin da inji yake ji, abin da nake ji na sani. Ya ce, a hankali, da guntu-guntu, shi ya sa aka bar ni da keke. Babba ta tuntsire da dariya hawaye yana zuba, ni ma nawa suka ƙwace, na ja gefen labulen mutane na share. Farin cikin da na yi a wannan safiya ban yi irinsa ba ko ranar da aka ce mini ya farfaɗo a asibiti.

Fuskar farko ta ƙare, allura tana shure-shure a tsakiyar faifai. Malam ya jingina da kujera yana haki, ya gaji liƙis, amma fuskarsa ta wanda ya yi nasara ce. Ya nuna garmahon da haɓa.

"Kashe."

Na je na ɗaga allura, na goge faifan da gefen mayafina, na juya shi. Tun allurar ba ta sauka ba ya fara gardama.